Wasiƙa daga Mai Wurno zuwa Gadarif: kafin ki ɗora butar shayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan Mai Wurno sai godiya. Saƙonki ya iso, na ji kin yanke shawarar kafa teburin shayi a bakin kasuwa, tunda har yau maigidan bai samu aiki tsayayye ba tun da yaƙi ya fitar da ku daga Wad Madani a watan Disamba na 2023. Ban ga aibu ba. Sana'a ce da ta riƙe gidaje masu yawa a ƙasar nan ta Sudan. Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kan mata masu shayi da masu abinci a Hartum suka yi ƙungiya, har Amurka aka kira ta aka ba ta lambar yabo a 2016. To amma ni lissafi zan yi miki, domin yawancin masu shayin da suke durƙushewa suna da ciniki, uwar kuɗin suke cinyewa ba su sani ba.

Jarinki ki ƙirga shi da kaya, kada ki ƙirga shi da fam. Kuɗin ƙasar nan kullum darajarsu raguwa take yi, abin da ya saya miki sukari yau ba lallai ya saya miki shi mako mai zuwa ba. Mu ce kin fara da sukari ratali 5, ganyen shayi rabin ratali, gahawa ratali 1, madarar gari gwangwani 1 da gawayi buhu 1. To wannan shi ne jarinki. Kowace yamma, kafin ki ɗauki ko fam ɗaya na cefane, ki fara mayar da abin da ya ragu a cikin kayan nan. Abin da ya saura bayan haka shi ne riba. Wadda ta ƙirga takardun kuɗi kawai za ta ga sun ƙaru ta yi murna, ran da ta je sari ta tarar ratali 4 za su saya mata.

Ki san awonki. Ratali ɗaya wajen giram 450 ne. Idan kina zuba ƙaramin cokali 3 a kowane kofi, ratalin sukari zai ba ki kofi kusan 30. Rabin ratalin ganye ya kamata ya haura kofi 100. In kika ga sukari ya ƙare ba ki kai kofi 25 ba, ko dai hannunki ya yi nauyi ko kuwa akwai mai lasa a gida. Cokali ɗaya za ki riƙa awo da shi kullum, kuma ki shafe bakinsa, ban da tozo. Ki tanadi gwangwani 3: na jari, na cefane, na zubin adashi, wanda mutanen nan suke kira sanduƙ. Adashin ki shiga na mutum 10 ko ƙasa da haka, mai zubin kullum ko na mako. Mai tsawo, kafin kwasarki ta zo kuɗin sun zama ruwa. Ran da kika kwasa, a ranar ki mayar da su sukari ko gawayi.

Kayan aiki ba su da yawa: murhun gawayi, buta 2, ɗaya tana tafasa ɗaya tana jira, matata, ƙananan kofunan gilashi dozin 2, kujerun zama ko da 6 ne a farko, da kwalabe masu murfi na citta, kirfa, kanumfari, habahan (wato cardamom), hulba da zoɓo. Na'ana'a kuwa ɗanye ake saye kullum. Madarar gari ki dama ta da ruwan ɗumi tukuna kafin ki zuba tafasasshe, in ba haka ba gudaji za ta yi. Gahawa ki soya ta a wuta marar ƙarfi kina juyawa har ta yi ja mai duhu. Da ta yi baƙi ta ƙone, ɗaci za ta yi, sai mai sha ya nemi ƙarin sukari, asarar ta dawo kanki. Ki daka ta da busasshiyar citta, kuma kada ki soya fiye da ta kwana 2, ƙamshin gudu yake yi. Gawayi ki zaɓi mai nauyi, wanda in kin ƙwanƙwasa biyu za ki ji ƙara. Marar nauyi toka ne kawai. In ciniki ya lafa ki rufe garwashin da toka maimakon ki bar shi yana ci. Kuma ko sanyi ya kai yaya, kada ki shigar da murhu ɗakin kwana ki rufe ƙofa: iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Zalabiyar safe, wato fanken ƙasar nan, ta fi shayin kansa riba in an iya ta. Fulawa kilo 1, yis babban cokali 1, gishiri kaɗan, ruwan ɗumi har ƙullin ya yi danƙo yana bin hannu, ki rufe ya tashi kamar awa 1. Ki gwada man da ɗan ɗigon ƙulli: in ya taso nan da nan yana kumfa, ya yi. Man da bai yi zafi ba zalabiya shanye shi take yi, wanda ya yi zafi da yawa kuma ya ƙona baya ya bar ciki ɗanye. Ki fara da rabin kilo har ki gane yawan masu saye, don ba ta kwana.

Gadarif garin riɗi da dawa ne. Daga watan Oktoba, in an fara yankan riɗi, leburori da direbobi da dillalai suna cika wajen kasuwar amfanin gona, a nan kuɗi yake. Da damina kuwa baƙar ƙasar nan tana zama taɓo, ƙafa ta ɗauke. Abin da kika tara da kaka shi za ki ci da damina, kada ɗinkin salla ya tafi da shi. Kafin ki ajiye kujera ki je ofishin mahalliya, wato ƙaramar hukuma, ki nemi izinin wuri da katin lafiya, duk abin da kika biya ki karɓi rasit. An soke dokar Nizamul Am, wadda ake takura wa mata masu shayi da ita, tun Nuwamban 2019, amma takarda a hannu ita ce kariyarki ran da aka zo kwashe kaya. Ki zauna kusa da sauran mata, ki gaida wadda ta fi daɗewa a wurin, kada ki karya musu farashi.

Bashi hanji ne. Ki sayi ɗan littafi, ki sa iyaka: wanda ya sha kofi 5 bai biya ba, na 6 sai da kuɗi, ko ɗan uwan maigidanki ne. Masu biya ta Bankak, wato manhajar banki ta waya, kada ki yarda da hoton da aka nuna miki a waya, ana ƙirƙirar na jabu. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun shiga. Teburin shayi matattarar zance ne, kuma zamanin yaƙi ne. A yi maganar soja ko ta siyasa a gabanki, ke dai ki ci gaba da fifita wutarki. Ki tashi kafin magariba.

Ruwa shi ne abin da na fi jin tsoro, tun da aka sanar da ɓarkewar kwalara a watan Agusta na 2024. Na shayi yana tafasa, haɗarin yana cikin ruwan wanke kofi. Bokiti 2 za ki ajiye, na sabulu da na ɗauraya, ki riƙa sauyawa da zarar ya gurɓace. In kin samu ƙwayar kulorin ki bi awon da ke jikin takardar, ki jira minti 30 kafin amfani. Yaro ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ki haɗa tafasasshen ruwan da ya huce lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, kina ba shi kina kan hanyar asibiti. Ban da jiran gari ya waye.

Sai batun gida. Namijin da ya saba fita da safe ya dawo da cefane, zama yana ci masa rai, wani lokaci ya huce a kan wadda take nema. Kada ki yi masa gori, ko da wasa, balle a gaban yara ko uwarsa. Amma ku zauna tun yanzu ki nuna masa gwangwanayen nan: na cefane na kowa ne, na jari ba a taɓawa. In zai ɗauki sarin sukari da gawayi a wuyansa, ya rage miki wahala kuma ya san yana ciki. In abin ya kai ga duka, wannan ba wurin haƙuri ba ne, ki sanar da kawunki da limamin unguwa a ranar. Babbar 'yarki kuma kada ki mayar da ita mai kai shayi rumfunan maza. Ta tafi makaranta, in ta dawo ta kula da ƙannenta.

Takardunku, wato lambar ɗan ƙasa, takardar aure da na haihuwar yara, ki sa su a leda mai rufi, ki ɗauki hotonsu ki turo wa yayanki. Kin san mu Hausawa an fi yawan tambayarmu takarda a shingen hanya, ko da kakanninmu a nan aka haife su.

Zan aiko miki da busasshiyar citta da kuka da daddawa in an samu mai tahowa. Ki rubuto mini kofi nawa ratalin farko ya ba ki. Ki gaida maigidan da surukarki, ki shafa mini kan yaran. Allah ya yi miki albarka, ya sa wa neman albarka.

Wassalam,
Innarki.