Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Maigarin Lokoja Kan Dutsen Tunawa Da Mazan Jiya

Daga 'ya'ya da jikokin tsofaffin sojoji mazauna Lokoja

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Maigari, ya ƙara lafiya da yawan rai. Bayan gaisuwa da ban girma, mun zo ne da kuka kan dutsen nan na tunawa da mazan jiya da ke bakin titin Murtala Muhammed, inda manyan igwoyi suke girke.

Ranka ya daɗe, a bakin mutanen gari sunan wurin nan kayan Turawa. Kowa na wucewa ta gabansa safe da yamma, yara kuwa igwar kaɗai suka sani. Amma duk wanda ya matsa kusa ya karanta, zai ga ban da sunayen hafsoshin Turawa akwai sunayen mutanenmu. Yadda aka saba a soja a zamanin, sunan yanka ake rubutawa, sai a liƙa wa mutum sunan garinsu ko ƙabilarsa, wane Kano, wane Bauchi, wane Sakkwato. Ba sunan uba, ba na unguwa. Abin da ya rage na mutum ke nan.

Da rani ya kama, wasunmu sun raka wata gyatuma daga cikinmu zuwa wurin. Tun tana yarinya ake faɗa mata cewa wan kakanta ya tafi yaƙin Kamaru bai dawo ba, har mahaifiyarsa ta rasu tana ajiye masa tuwo a akushi. Gyatumar ba ta yi boko ba, jikanta ne ya riƙa karanto mata. Sai da ya jiƙa gefen rigarsa da ruwan leda ya goge ƙura kafin wasu haruffan su fito. Ga rubutun kuma irin na magatakardan Bature, wanda ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, har sai an maimaita sau biyu sau uku a baki kafin a gane abin da ake nufi. Ta ce a sake karanta mata wani suna. Aka sake. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta yi Fatiha, ta ce ko shi ne ko ba shi ba, ɗan wani ne. Daga ranar muka ƙudurta rubuta wannan takarda.

Mai Martaba ya fi mu sanin cewa babu garin da ya kai Lokoja haƙƙi a wannan tarihi. A nan rundunar Afirka ta Yamma ta kafa sansaninta bayan an ƙirƙiro ta a 1897 ƙarƙashin Lugga, a nan kuma aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Sojojin wannan runduna ne suka yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Banyo da dutsen Mora. Daga baya aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka sha wuya a Mahiwa cikin Oktoban 1917, ga yunwa ga zazzaɓi. A yaƙin Hitila kuma 'ya'yansu suka tafi ƙasar Bama da ke Asiya cikin runduna ta 81 da ta 82, suka ratsa dazukan Kaladan da Arakan, kaya a ka. Hausa ce aka fi yi a barikinsu, ko da kuwa ba duka ne Hausawa ba. Barikin garin nan ma sunan ɗaya daga cikinsu yake ɗauke da shi, Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa, aka kama shi, ya shiga wannan runduna har ya je Bama ya dawo.

Ba za mu ɓoye abin da wasu 'yan'uwa ke faɗa mana ba. Suna cewa ai sojan Nasara ne, su ne aka ci Kano da Sakkwato da su a 1903, to me za a tuna? Maganar tana da nauyi, kuma mu ma tana yi mana ciwo. Sai dai mun zauna da waɗannan tsofaffi, mun ga tabon jikinsu. Wani talauci ya kai shi, wani gudun bauta, wani kuwa dagaci ne ya nuna shi da yatsa ranar da aka ce kowane gari ya kawo mutum. Ba yabon mulkin mallaka muke nema ba. Mutanen da aka binne a ƙasar da ba wanda ya san su muke magana a kai, waɗanda ba a yi musu wanka da sallah a gaban danginsu ba. Wasu kuma na tsoron kada abin ya zama bautar dutse. Dutsen nan ba kabari ba ne, ba kuma wanda ke roƙonsa komai. Allo ne mai ɗauke da sunaye.

Kuma ko waɗannan sunaye da ƙyar aka same su. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. 'Yan dako da suka ɗauki harsashi da abinci su ne suka fi ɓacewa. A can Ingila kuwa da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga dutse irin wannan a harabar coci ko a dandali ba, kowace shekara kuma sai an taru an karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mu ɗan abin da ya tsira a hannunmu bai kamata mu bar wa rana da damina ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 ta riga ta cinye takardun sallama da hotuna a gidaje da dama na bakin kogi. A gidan ɗaya daga cikinmu lambar yabo ɗaya ce ta tsira, don tana ƙulle a cikin gwangwanin madara.

Roƙonmu na farko, kuma shi ne ya fi damunmu, shi ne Mai Martaba ya sa baki a kwafe duk sunayen nan a littafi tun suna karantuwa, da boko da ajami, a ajiye ɗaya a fada, ɗaya a gidan tarihin garin nan. A gayyaci dattawan Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Igala da Igbira da Kakanda su zauna a kai, domin sunan da ya gagari wani, wani zai gane shi da ji ɗaya. Sai kuma a kafa allon bayani da Hausa da Turanci, yadda ɗan acaɓa da ya tsaya shan inuwa zai san wurin da yake tsaye.

Kan gyara kuwa muna roƙon a yi hattara. Kada kyakkyawar niyya ta sa a shafa wa rubutun fenti ko a kankare shi da burushin ƙarfe, don gyaran ganganci ya fi ƙura ɓarna. A nemi masu sanin aikin daga hukumar kula da kayan tarihi su nuna abin da za a taɓa da wanda za a bari. Shara da cire ciyawa mun ɗauka a kanmu, ba ma neman ko kwabo.

In Mai Martaba ya amince, ranar 15 ga Janairu mai zuwa, ranar tunawa da mazan jiya, bayan an gama fareti a bar 'yan makaranta su karanta sunayen da ƙarfi, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Gyatumar nan ta ce in tana raye a ɗauko ta.

Muna jiran ranar da fada za ta ba mu mu zo mu faɗi gaisuwa, mu kawo lambobi da 'yan takardun da suka rage a hannunmu.

Allah ya ƙara wa Maigari nasara.

Mu ne talakawanka,
'Ya'ya da jikokin tsofaffin sojoji, Lokoja