Masu sayen fawa bayik, lambar cc kaɗai ba ta isa a zaɓi inji da ita ba

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu masu sha'awar manyan baburan gudun nan da ake ce wa fawa bayik, da iyayen da ke ciro kuɗin sayensu, saboda abin ya fara yawa a Kano da Kaduna da Abuja kuma yadda ake zaɓen injin ne yake ɗaga min hankali.

Duk wanda zai saya tambaya ɗaya yake yi, cc nawa ne, in aka ce 1000 sai ya washe baki, in aka ce 300 sai ya yatsina fuska wai ai wannan na yara ne. To shi cc ɗin nan fa girman cikin silinda ne kawai, wato yawan iska da man da fistin zai iya zuƙa, bai gaya maka ƙarfin da injin ke fitarwa ba balle yadda yake fitar da shi. Ga misali a fili, Kawasaki Ninja 650 injinsa 649cc ne mai silinda biyu, ƙarfinsa wajen doki 67 (da doki ake auna ƙarfin inji), shi kuma Yamaha R6 599cc ne, a lamba ya fi shi ƙanƙanta, amma silindarsa huɗu kuma yana ba da doki kusan 117. Kusan ninki biyu kenan. Amma sai ka ji dillali yana ce wa yaro ai 600 ne kawai, matsakaici ne, da shi ake farawa, wallahi wannan maganar ba ƙaramar cuta ba ce.

Kuma matsalar R6 da ƴan uwansa irin su CBR600RR ba yawan dokin ne kaɗai ba, inda dokin yake ɓoye ne. Injin tsere ne, yana juyawa har wajen sau 16,000 a minti ɗaya, a ƙasa kuma lafiya lau yake tafiya kamar ba zai yi komai ba, sai sabon mahayi ya saki jiki ya ce ashe ma abin ba wuya, ya ƙara murɗa totur, allura na haura 10,000 sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, babur ya fizga, jikin mutum ya yi baya, hannunsa kuma yana kan totur ɗin, garin ya riƙe kansa sai ya ƙara murɗe shi ba da niyya ba, tayar gaba ta bar ƙasa. Cikin firgici sai ya damƙe birkin gaba da dukkan yatsunsa, shi kuma birkin nan faifai biyu ne manya da yatsa biyu ma sun ishe shi, in babu ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an matse birki, sai taya ta kulle, shikenan. Duk wannan kafin ka ƙifta ido ya faru, kuma babu ruwansa da jarumta ko rashinta, hannu ne bai saba ba tukuna.

Wani zai ce ai ni na daɗe ina tuƙa Boxer, har acaɓa na yi kafin a hana a Kano a 2013. Na yarda ka san titi, kuma wannan ilimi ne babba da zai amfane ka, amma Boxer 100 dokinsa wajen 8 ne, a kansa ka saba murɗe totur har ƙarshe ba abin da zai faru, Yamaha R1 kuwa mai 998cc dokinsa na kai wa 200. Sabon da hannunka ya yi da Boxer shi ne ma zai fara jefa ka a matsala.

Su Turawan da baburan nan suka cika ƙasashensu ba haka suke yi ba. A Tarayyar Turai tun Janairun 2013 lasisin babur hawa-hawa ne, A1 na wanda bai wuce 125cc da doki 15 ba, A2 na wanda bai wuce doki 47 ba, sai ka yi shekara biyu a kan A2 ko ka kai shekara 24 sannan a sakar maka babban. Ka lura a matakin A2 ma ba su kafa dokar a kan cc ba, a kan ƙarfi suka kafa ta.

Shi ya sa ni shawarata ga mai farawa ya tsaya tsakanin 300 zuwa 500. Akwai Yamaha R3 mai 321cc da doki wajen 42, akwai Ninja 400 mai 399cc da ya fito a 2018, dokinsa wajen 45 kuma nauyinsa kilo 168 ne, akwai KTM RC 390 mai silinda ɗaya wanda kamfanin Bajaj ɗin nan mai Boxer ne ma yake haɗa shi a Indiya, akwai Honda CBR500R mai 471cc. Duk cikinsu babu wanda ba ya haura kilomita 150 a awa, alhali ƙa'idar gudun motar gida ma a babban titi mai hannu biyu 100 ce, to ina za ka kai sauran? Kuma a kansu in ka yi kuskure babur zai ba ka lokacin gyarawa. Wanda ya riga ya goge kuma yana son doguwar tafiya ko ɗaukar wani a baya, masu silinda biyu irin Ninja 650 ko Suzuki SV650 sun ishe shi, ƙarfinsu daga ƙasa yake farawa a hankali ba fizga.

Sannan a duba inda za a hau shi. Titunanmu ga ramuka ga yashi a bakin kwalta ga tudun rage gudu da ba a yi masa fenti ba, ga mai Adaidaita Sahu da zai karya kwana ba sigina, ga akuya. A cikin cunkoso babban inji mai silinda huɗu wahala kawai yake sha, a watan Afrilu zafin Kano na wuce 40, fanka na ta kaɗawa, zafin inji na dukan cinyarka, kai kuma kana duƙe kana ta matsa kuloci a giya ta ɗaya har hannu ya yi tsami. Nauyi ma abin dubawa ne, babban baburin nan Suzuki Hayabusa ya haura kilo 260, in ya kwanta da kai a tsakiyar danja sai an taru an ɗaga. Ka hau ka zauna tukuna kafin a yi ciniki, ka ga ko ƙafarka na taɓa ƙasa, kujerar R6 tsayinta santimita 85 ne, ta Ninja 400 kuma bai kai 79 ba, ga mai matsakaicin tsayi wannan bambancin ba kaɗan ba ne.

Batun aljihu kuwa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san halin da ake ciki. Babban inji ya fi shan mai, tayarsa ta baya mai faɗi ce mai laushi ba ta jimawa ta suɗe, fulogi huɗu bawul 16, kuma ba kowane bakanike ne ya san cikinsa ba, kayan gyara sai an yi oda an jira. Gara ka sayi 400 mai ABS mai lafiya, ragowar kuɗin ka sayi hular kwano ta gaske mai rufe haɓa da jaket da safar hannu da takalmi, da ka zuba komai a 1000 na hannu da ba ka san tarihinsa ba ka hau shi da silifas.

Roƙona ga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shi ne ta duba lasisin ajin A, yanzu shi ɗaya ne na babur gaba ɗaya, mai Boxer da mai Hayabusa takarda iri ɗaya suke riƙewa. A raba shi gida biyu ko uku bisa ƙarfin inji, a sa wa kowane mataki shekaru da gwajin tuƙi na zahiri, sannan dillalai su riƙa ganin lasisin kafin su miƙa makulli.

Na gode Malam Edita, Allah ya tsare mu a hanya.

Naku,
Wani mai hawan babur daga Kano