Zuwa ga ƙanena mai adaidaita sahu da ya tambaye ni wa ke ƙarya

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar da ka bugo waya cikin shirin rediyon nan, lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa. Ka ce a Kano kake tuƙa adaidaita sahu, ka karanta sharhi biyu kan cire tallafin man fetur, ɗaya ya ce alheri ne, ɗayan ya ce masifa ce, kuma kowanne ya zo da alƙalumansa. Ka ce, "To Malam, wa ke ƙarya?" Tambayar ta tsaya mini a rai.

Mai yiwuwa babu wanda ya shara ƙarya a alƙaluman. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura kusan 500 cikin kwanaki, a Yuli ta kai 617. Wannan ka fi ni sani, kai ke bin layin gidan mai kullum. Inda nake so ka sa ido shi ne wajen "saboda haka". A nan marubuci ke sauka daga abin da ya faru ya hau abin da yake zato, sau da yawa ba tare da ya sanar da kai ba.

Ɗauki mai cewa alheri ne. Gaskiyarsa ce kafin a cire shi tallafin na lashe tiriliyoyin naira a shekara. Gaskiyarsa ce wani kaso na man yana sulalewa ta Jibiya da Illela, a sayar da shi cikin kwalabe a Maraɗi da Ƙonni. Sai ya ce saboda haka kuɗin da aka tsimar za su koma asibiti da makaranta. Wannan fata ne. Tsakanin rabon kuɗi a Abuja da allurar da za a yi wa ɗanka a asibitin unguwa akwai gwamna, akwai kwamishina, akwai ɗan kwangila. An taɓa yi mana irin wannan alkawari a Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo 97, aka kafa shirin SURE-P don a kashe rarar. Mai adalci zai faɗa maka yadda waccan ta kaya kafin ya nemi ka yarda da wannan.

Mai cewa masifa ce, zuciyata ta fi karkata wajensa, don ina zuwa cefane. Shi ya sa nake ƙara tsananta masa bincike. Ya ce kwanon masara ya tashi, haka ne. Ya ce cire tallafi ne kaɗai sanadi, a nan ya zarce. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, hada-hadar dabbobi da hatsi ta tsaya. Ga manoman Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Ya ɗora wa abu ɗaya kayan abu huɗu.

Ni idan zan karanta sharhi, biro nake riƙewa. Duk abin da za a iya bincikawa, rana ko farashi ko sunan wanda ya yi magana, in ja masa layi. Inda na ga "kowa ya sani" ko "masana sun ce", in zagaye shi. Waɗanne masana? Wani lokaci in gama shafi guda layi biyu kawai na ja.

Ko lamba ta gaskiya tana rufe ido. Za a ce maka mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, ya ninka har da ɗoriya. To, auna shi da lita. Dubu talatin a farashin 195 ya fi lita 150. Dubu saba'in, da lita ta kai wajen naira 1,000 a ƙarshen 2024, lita 70 ke nan. Wanda ya kawo maka lissafin farko ya ɓoye na biyu bai yi maka adalci ba.

Ba na ƙin zato, babu sharhin da zai tsaya ba da shi ba. Abin da nake nema a wurin marubuci, har da ni kaina, shi ne ya ce "ina ganin" a inda gani ne kawai.

Idan ka sake bugowa, ka zo mini da naka lissafin: nawa kake shan mai a yini kafin Mayun 2023 da yanzu, nawa ne balas ɗin mai mashin, nawa kake komawa gida da shi. Ina so mu karanta shi a cikin shirin.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.

Naka, yayanka.