Don Allah a dinga yi wa yara bayani kafin a ba su komand ɗin goge fayil

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da malaman da ke koyar da kwamfuta a garin nan namu Kano, da samarin da ke ta yaɗa komand a guruf-guruf na WhatsApp kamar ana rabon goro.

Yanzu yayin baƙin allo ake, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta komand, duk yaron da ya sa manhajar Termux mai kawo baƙin allon a waya ko ya ɗora Ubuntu, wani tsari irin Windows, a laftof sai ya dinga jin kansa injiniya, ni ban ce kar a koya ba, wallahi abu ne mai kyau, amma ana ba su rm, komand ɗin goge fayil, ba tare da an gaya musu ko mene ne ba. Idan ka goge fayil da linzami ai Recycle Bin yake tafiya, gobe ka canza shawara ka dawo da abinka. Shi kuwa rm ba ruwansa da wannan, kana danna Enter shikenan, ba zai ma ce maka ya gama ba, kawai sabon layi zai fito yana jiranka kamar ba abin da ya faru. A Windows ma haka komand ɗin del yake, da rd /s /q mai kwashe folda da duk abin da ke cikinta.

Bari in nuna inda ake faɗawa rami. Ka ce kana so ka goge duk fayil ɗin da ya ƙare da .txt, daidai shi ne rm *.txt a haɗe. To idan yatsanka ya taɓa sifes ka rubuta rm * .txt, ka ce masa ya share duk fayilolin da ke foldar kenan, zai share su tas sannan ya dawo yana maka ƙorafi wai bai ga fayil mai suna .txt ba. Haka sunan da ke da tazara a tsakiya, misali folda mai suna aikin makaranta, in ba ka sa shi cikin alamar zance ba zai ɗauka abu biyu kake nufi. Shi kuma -rf da yara suke haddacewa suna ƙara wa rm, r ɗin yana nufin shiga cikin folda har ƙasa, f ɗin kuma kar ka tambaye ni komai. A Termux in ka riga ka ba shi izinin shiga ma'ajiyar waya, hotunan biki da na suna duk yana iya kaiwa gare su, sai a kwashi waya a yi Farm Centre ana neman mai dawo da su.

Kar wani ya ce sai ɗan koyo ne yake wannan kuskure. A watan Janairun 2017 injiniyan GitLab, kamfanin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge foldar bayanai a sabar (babbar kwamfutar ajiya) da ba ita ya nufa ba, kusan 300GB suka tafi kafin ya tsayar, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin awa shida.

Masu shagunan buga takardu ma abin ya shafe ku, musamman in ɗalibi ya kawo filash mai bairos ɗin shotkot ɗin nan, a buɗe CMD, baƙin allon Windows, a buga attrib don fito da fayilolin da bairos ya ɓoye, sannan del *.lnk don goge shotkot ɗin, cikin sauri ga layi ga ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, ba wanda yake duba ko a filash ɗin (E:) yake ko a diskin kwamfutar (C:). Project ɗin mutum ne fa na shekara guda a ciki.

Roƙona ga malamai, ranar da za ku koyar da rm ku fara da pwd da ls, yaro ya ga inda yake tsaye da abin da zai tafi. Ku nuna musu rm -i mai tambaya kafin ya goge, da rmdir da ba ya taɓa folda sai babu komai a cikinta, a Ubuntu kuma akwai gio trash da ke kai fayil kwandon shara. In ta riga ta faru a daina ajiye komai a kan diskin nan take, sannan a gwada manhajar dawo da fayil irin PhotoRec ko Recuva, kodayake a diski irin na SSD ba kasafai ake dacewa ba saboda TRIM, tsarin da ke sa diskin ya share gurbin fayil ɗin da aka goge.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Daga mai karatunku a Kabuga, Kano.