A tuna da Bill Mack, abokin hirar direbobin dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, ya kuwa yi armashi. Sai dai sunayen da aka jero duk na taurarin Nashville ne, birnin da ke cibiyar wannan kiɗa. Ina roƙon a ba ni fili in ambaci wani da bai kai su shuhura ba, amma mu da muka ja tirela a jihar Texas mun fi saba wa da muryarsa: Bill Mack.

An haife shi a 1929 a Shamrock, wani ɗan gari a arewacin Texas. Ya yi aikin rediyo a Wichita Falls, yana waƙa a gefe, faifansa na fita jefi-jefi ba tare da sun yi wani tashe ba. A 1969 ya kama shirin dare a gidan rediyon WBAP da ke Fort Worth, daga tsakar dare har asuba. Tashar na kan mita 820 a zangon AM da ƙarfin wat 50,000, kuma irin wannan zango da dare yake cin nisa, don haka direba zai ƙetare jiha biyu ko uku bai taɓa akwatin rediyonsa ba.

Wanda bai taɓa tuƙin dare ba ba zai gane ba. Ƙarfe uku, hanya miƙe ɗoɗar, ba gari ba ƙauye, barci na fizgar ido. Sai ka ji wannan bawan Allah, cikin natsuwa, yana faɗin inda ƙanƙara ta rufe hanya, yana karɓar wayar wani direba da ya tsaya shan mai, yana isar da gaisuwar wata mata ga maigidanta da ya kwana biyu bai ga gida ba. Ba ya ihu, ba ya iyayi. Ni da Turancina bai nuna ba a lokacin, a wurinsa na saba da lafazin mutanen Texas, wanda sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma.

Galibin masu ambatonsa waƙar "Blue" suke kawowa. Shi ya rubuta ta, ya rera ta a 1958, ta kwanta kusan shekara arba'in, sai LeAnn Rimes, yarinya 'yar shekara 13, ta ɗauke ta a 1996 ta zagaye ƙasa, har aka ba shi kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 1997. Na taya shi murna, amma a ganina wannan ƙaramin abu ne cikin aikinsa. Fiye da shekara talatin yana hana direbobi gyangyaɗi a kan sitiyari, Allah kaɗai ya san rayukan da suka tsira ta haka. Waɗanda suka san darajar sana'ar tun 1982 suka sa shi cikin jerin fitattun masu gabatar da kiɗan kantiri a rediyo.

A 2001 ya koma rediyon tauraron ɗan'adam na XM, direbobi da yawa suka bi shi can. Ya rasu ranar 31 ga Yuli 2020, yana da shekara 91, bayan ya kamu da cutar korona.

Idan za ku sake taɓo wannan kiɗa, don Allah a leƙa gidajen rediyon jihohi, domin a can ne mawaƙan Nashville ɗin suka fara samun mai sa musu faifai.

Naka,
Tsohon direban tirela, Dallas, Amurka