Zuwa ga Yaya a Daura: Takardar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Katifa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Hajiya, ta yi sauƙi? A gaishe min da Malam da yara. Mu nan Bamingam sanyi ya sa mu gaba, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu kamar bayan isha'i.

Da gangan na rubuto ban kira ba. Wayarki kullum a sifika take, maganar nan kuwa ba ta tsakar gida ba ce.

A Ingila mace daga shekara 25 zuwa 64 ana aiko mata da takarda ta je gwajin bakin mahaifa, don a gano abin da ke kawo sankara tun da wuri. Tawa sai da ta yi wata uku a kan firij, kunya ta hana ni. Da na daure na je, nas mace na tarar. Ta ja labule, ta ba ni abin rufa, ta sa wata 'yar roba mai kama da bakin agwagwa, ta shafo bakin mahaifar da ɗan burushi mai laushi. Minti biyar an gama. Ba daɗi, amma wadda ta san naƙuda ba za ta kira wannan wahala ba.

Sakamako ya zo: an ga HPV, ƙwayar cutar da kan jawo sankarar bakin mahaifa, amma bakin mahaifar lafiya lau, in dawo bayan shekara. Na shiga intanet, sai na ga ta saduwa ake ɗaukarta. Yaya, ranar ko tukunya ban ɗora ba. Na cusa takardar ƙarƙashin katifa, na kwana biyu ina kallon Baban yara da wutsiyar ido. Bawan Allah sai tambaya yake ko daga gida aka ɓata min rai.

Nas ɗin ce ta kwance min kai. Ta ce kusan duk mai mu'amalar aure sai ya gamu da ita a rayuwarsa, mace ko namiji, ba tare da wata alama ba. Tana iya ɓuya shekaru, don haka ba mai iya cewa yaushe ta shiga ko daga wa. Nan na tuna shi ma ya yi auren fari kafin ni, na ji kunyar zargin da na yi. Ta ce yawanci jiki da kansa yake kore ta cikin shekara biyu. Wadda ta naɗe tabarma ta zauna ita ce abin tsoro, musamman iri na 16 da na 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ita ma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe. A wannan tsakanin ake son a cim mata, a yi maganin wurin tun bai zama ciwo ba. Na koma bayan shekara, Alhamdulillahi ba ta.

Tun ranar Gwaggo nake tunawa. Jinin da ya dawo mata bayan ta daina al'ada, zannuwan da muke wankewa da dare mu shanya a bayan ɗaki, turaren wutan da ba ya mutuwa a kaskonta don kada baƙi su ji wari. Aka ce sammu, aka ce iska. Sai da ta kasa tashi aka kai ta asibiti, likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma an makara. Kwana dai ya ƙare, Allah ya jiƙanta. Amma shekarun da abin yake tafiya shiru muna tare da ita, tana dama mana fura, ba wanda ya taɓa ce mata akwai gwaji. A shekarar 2020 kaɗai mata kusan 8,000 ciwon nan ya kashe a Najeriya.

To ga roƙona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 30 mace ta fara gwajin, ta riƙa maimaitawa duk shekara 5 zuwa 10. Ke kin haura arba'in. Kada ki ce min ba abin da yake miki ciwo, ai don masu lafiya aka yi shi. Ranar da za ki shiga Katsina ki tambaya a Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. In ba a samu na HPV ba, akwai wanda ake shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Shi ma ki karɓa.

Sai maganar Auta. Tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a Najeriya, allura ɗaya tak. Na san za a ce ta hana haihuwa ce. Tawa ɗiyar a makaranta aka yi mata, a layi ɗaya da 'ya'yan Turawa, kuma tun 2019 har 'ya'yansu maza suke yi wa. In Malam ya yi gardama ki bar ni da shi, ni da shi ba ta ɓaci.

Na turo kuɗin mota da na gwaji, ban da na cefanen Hajiya, kada ki haɗe su. In an samu mai tahowa a ba shi kuka da daddawa, amma a ɗaure daddawar a leda uku, waccan ta tona wa mai ɗauko ta asiri a jirgi.

Taki,
Ƙanwarki