Zuwa ga ɗana, kan alƙalancin karo a wasan sofbol

Assalamu alaikum, ɗana.

Mu nan Zariya lafiya lau. Mahaifiyarka ta ce an fara ba ka alƙalancin sofbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda a gudu daga zango zuwa zango, shi ya sa na ce bari in ja maka kunne kan karo, don a nan sababbin alƙalai suke tuntuɓe.

Idan mai gudu tsakanin zanguna da mai tsaro, wato ɗan ɓangaren da ke kama ƙwallo, suka gwabza, kada ka dubi wanda ya faɗi. Dubi inda ƙwallo take. Mai tsaron da ba ya riƙe da ƙwallo, kuma ba wadda aka doka da sanda yake ƙoƙarin kamawa ba, ba shi da hurumin tsayawa a hanya, ko da jifa yake jira. Ba sai sun taɓa juna ba; muddin ya sa mai gudu ya rage sauri ko ya kauce, ya tare hanya. Haka mai tsaron da ya yi kamar zai taɓa mai gudu da safar hannu don ya fitar da shi alhali babu ƙwallo a ciki.

A nan kada halin alƙalan ƙwallon ƙafa ya kama ka, ka tsayar da wasa nan take. Miƙa hannun hagu gefe, ka furta laifin, ka bar wasa ya ci gaba har ya lafa. Sannan ka ba mai gudun zangon da ka ga zai kai da ba a tare shi ba. Ba kyautar zango ɗaya ba ce kullum. Wani lokaci inda ya tsaya nan ne haƙƙinsa. Tsakanin zanguna biyun da aka tare shi ba a fitar da shi, sai dai idan shi ya jawo wa kansa, kamar ya wuce abokin gudunsa.

Amma idan mai gudu ne ya hana mai tsaro kama ƙwallon da aka doka, wasa ya tsaya a take, mai gudun ya fita, sauran su koma zangon da suka taɓa na ƙarshe.

Mafi haɗari shi ne zangon gida, inda mai gudu yake ƙare zagayensa. Mai cafe, wato mai tsaron zangon gida, yana riƙe da ƙwallo yana jira, mai gudu ya taho a tsaye ya bangaje shi da gangan: mai gudun ya fita, ko da ƙwallon ta suɓuce, in da mugunta a ciki kuma ka kore shi daga fili. Ba dole ne ya zame ba, yana iya kaucewa, amma kada ya wuce ƙafa 3 daga layinsa.

Wani karon kuwa ba laifin kowa, kamar jifa ta karkace ta ja mai tsaro cikin hanya, duk suka iso tare. Ba za ka rarrabe wannan daga nesa ba. Zanguna ƙafa 60 ne tsakaninsu, ka matso kamar mita 3 zuwa 4, ka tsaya cak ta gefe inda kake ganin safar hannu da ƙafar mai gudu, kafin ƙura ta tashi.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.